Hannun Kawu da Na Danne

Daga Allah muka zo, kuma Kawu ya riga mu komawa gare Shi ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na bakin zaure, a gidana da ke Turaki cikin garin Jalingo, shekara biyar bayan an ba mu jiha. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kurma ne tun yana ɗan shekara huɗu, lokacin da sanƙarau ya shiga garinsu Lau ya tafi da jinsa. Ya haura saba'in. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. In ni ban rubuta ba babu mai rubutawa, kuma nan da 'yan shekaru sai dai a ce wai an taɓa yin wani bebe mai gyaran fitila a bakin kasuwa.

Zan fara da masu gaisuwa, don su suka fara magana.

Mai unguwa ne ya fara zama a tabarma bayan mun dawo daga maƙabarta. Ya shafa addu'a ya ce, "Wannan bawan Allah dai ya tafi da baki mai tsabta. Bai taɓa zagin kowa ba." Daga bayan ƙyaure na ji uwar yarana ta ƙware da tari. Da na shiga na tambaye ta ko lafiya, sai ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, na san ranar mutuwa ce. Amma wa ya kai Kawu zagi a unguwar nan? Shi kansa Mai unguwar, ba ka taɓa ganin yadda Kawu yake kwatanta tumbinsa ba?" Na ce ta rufe mini baki. Ban taɓa gani ba.

Maƙwabciyarmu 'yar Mumuye mai sayar da kunu ta faɗo gidan da ɗankwali a hannu. "Baba Kurma ta tafi? Wayyo Allah na! Jiya-jiya ina cewa zan kawo mata risho na. Shi ba ya cuta mutum fa. In lagwani ne ya lalace, ta nuna maka lagwani ne, ba ƙari." Dangin mahaifiyata na ruga suka zauna a gefe ɗaya, sandunansu a jingine, kowa ya ce "Allah hokku munyal," wato Allah ya ba da haƙuri, ba su ƙara komai ba. Wani abokin aikina, wanda muka yi aikin duba-gari tare shekara da shekaru, ya dafa ni ya ce, "Ai ya huta. Rayuwa ba ji ba magana." 

Sai Liman ya matso ya tambaye ni a hankali, "Ya samu cikawa da kalma?"

Na ce, "Na laƙanta masa."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Bai tambaye ni yadda ake laƙanta wa wanda ba ya ji ba. Ni ma ban faɗa ba.

Ranar sadakar uku mutanensa suka zo. Su goma sha wani abu ne, maza da mata, duk kurame. Da Bafulatani, da Bajukune, da 'yan Mumuye, da wata 'yar Kudu mai buga tafireta a sakatariya. Suka cire takalma suka jeru a zaure, hannuwa suna ta tashi, ba ka jin komai sai ƙarar tafi da shan majina. 'Yar Kudun ce ta iya rubutu sosai. Ta zaro takarda ta rubuta, ta miƙo mini: "Me ya sa ba a gaya mana ba? Rumfa muka gani a rufe."

Ni mutum ne mai tsari, kuma na san ban bar komai ba. Na karɓi biron na rubuta mata da manyan baƙaƙe: "An sanar a rediyo, sau uku." Sai da na miƙa mata na ga abin da na rubuta. Ta karanta, ta dube ni, ta ninke takardar ta sa a jaka.

Wannan kuskure ne, amma ba shi ne yake hana ni cin abinci ba. Ga wanda yake hana ni.

Kawu ya yi kwana goma yana ciwon ƙirji. Na tsara komai: lokacin magani, lokacin kunu, wanda zai zauna da safe, wanda zai karɓe shi. Ranar Talata numfashinsa ya sauya. Inna, wato mahaifiyata, tana zaune a bakin gado riƙe da hannunsa, ta fara kuka da ƙarfi tana kiran "Hamma! Hamma!" don haka take kiran yayan nata tun suna yara. Na sani ba a yi wa mai gargara kururuwa a kai, ga shi kuma tana da hawan jini. Na sa uwar yarana ta fita da ita. Inna ta tirje, na ɗaga murya, ta fita.

Da muka rage mu biyu, sai Kawu ya ɗaga hannuwansa. Na ga abin da suka yi, kuma ina iya jera shi. Na farko, ya dunƙule hagu kamar bakin tukunya, ya ɗaga dama a kanta kamar mai cire murfi, ya yamutsa hanci. Na biyu, ya miƙa dama wajen ƙofa ya jawo ta zuwa ƙirji, sau biyu. Wannan ya yi mini kama da "zo", sai na matsa kusa. Na uku, ya goga yatsu biyu a gefen bakinsa na hagu. Na huɗu, ya sarƙe ƙananan yatsunsa biyu, ya fara ɗaga su sama.

Na ga mutuwa da yawa. Na san yadda hannun mai tafiya yake fizge-fizge, na kuma ga yadda manya suke kama shi su kwantar, su miƙe masa gaɓɓai. Abin da na gani ana yi shi na yi. Na kama wuyan hannunsa duka biyu na danne a kan ƙirjinsa, na sunkuya na sa bakina a kunnensa ina maimaita kalmar shahada. Kunnen da bai ji komai ba shekara saba'in. Ya ja hannun sau ɗaya. Ya sake ja. Ban saki ba. Ya dube ni, sannan ya rufe ido.

Sai da aka fara wanka tsoro ya kama ni. Ba fizge-fizge ba ne. Magana yake yi. Tun ranar nake juya abin: ko tasa kalmar shahadar ce na katse, ko wasiyya ce, ko kuwa abin da yake ransa game da ni ne. Kuma ban gaya wa kowa ba.

Don a gane girman abin, sai in faɗi ko wane ne Kawu.

Shekara goma sha tara yana gidana. A cikinsu na koyi alamu tara daga hannunsa: ci, ruwa, zo, tafi, salla, lafiya, gobe, a'a, da bari. Na ɗauka sun ishe mu. Na kafa doka biyu a kansa. Ba a maganar hannu a bakin akushi, don miya tana fantsama. Ba a yi kuma a zaure in akwai baƙi, don suna kallo. Ya bi duka biyun bai taɓa karyawa ba. In baƙi suka zo sai ya sa hannuwansa ƙarƙashin cinya ya zauna a kansu. A lokacin ladabi na ɗauka.

Bai taɓa makara salla ba, alhali bai taɓa jin ladan ba. Inuwar darbejiyar ƙofar gida yake dubawa, kuma sau da yawa yana alwala kafin a kira. A sahu kafaɗar na kusa da shi yake bi. Ba ya yarda ka tsaya masa da rana a bayanka, sai ya kama kafaɗarka ya juya ka kamar buhu har haske ya faɗo a fuskarka. In yana son kiran wanda ya ba shi baya, sai ya buga ƙafa a ƙasa. Dariyarsa tana da ƙara, ba ta da tsari, har maƙwabta suna leƙowa. Ina jin kunyarta a da.

In ya yi fushi kuwa, ba ya tashi, ba ya jifa da komai. Rufe ido yake yi. Da ya rufe, zance ya ƙare, don babu ta inda za ka shigar masa da magana. Ko ka yini kana kaɗa hannu, kai kaɗai kake yi. Mai karatu ya koma sama ya ga yadda muka rabu. Har yau ban sani ba ko mutuwa ce ta rufe idon, ko shi ne ya rufe.

Rumfarsa tana bakin kasuwa, inda yake gyaran fitilar ƙwai da risho. Ba ya mayar wa mutum fitila sai ya kunna ta a gabansa, ya ɗaga ta, ya hura mata iska ta gefe, ya nuna ba ta mutu ba. Amma ba gyara ne babban aikin rumfar ba. Duk Juma'a bayan an sauko, kuramen garin nan a can suke taruwa, har da masu hawo mota daga Mutum Biyu. Mu masu ji a Jalingo kowa da yarensa, sai mu haɗu a Hausa, wani ya ce ta, wani ya ce ya. Su a rumfar Kawu suke haɗuwa, a hannu. Wanda aka haifa masa, a can ake sani. Wanda aka zalunta a gona, a can ake shawara. Na sha wucewa da kakina na aiki in gan su, in ɗauke kai.

'Yar Kudun nan, da aka buɗe sakatariya aka turo ta garin da ba ta san kowa ba. Kawu ya gan ta a kasuwa tana nuna tumatir da yatsa, ana yi mata dariya. Ya taɓa kafaɗarta, ya nuna kunnensa, ya nuna nata. An ce a wurin ta fashe da kuka. Ita maganar hannun makaranta ta iya, shi ta rumfa, amma cikin mako biyu sun gano juna. Ranar Lahadi shi yake raka ta har ƙofar cocinsu, don ba ta san hanya ba kuma ba ta jin odar mota. Sai ya zauna ƙarƙashin bishiya da carbinsa har a tashi. Magana ta fara yawo a masallaci. Na kira 'yata ta biyu, tana 'yar sakandare a lokacin, na ce ta gaya masa yana zubar mana da mutunci. Ya kalli hannunta har ta gama, ya ba da amsa. Ta ƙi faɗa.

Na ce, "Fassara mini."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ya ce wai ka je ka leƙa randunan mutane, shi ba randa ba ne."

Ya ci gaba da raka ta har sai da ta iya gari.

Wannan 'yar tawa a cinyarsa ta girma. Hannunta ya riga bakinta iya magana. Da ta gama sakandare na so ta yi aikin jinya, sai ta ce jami'a za ta, ta karanci koyar da kurame da maganar hannu da yadda rayuwarsu take. Na ce, "Jami'a sukutum, a tara malamai masu digiri, don a koyi kaɗa hannu? Wannan ai kina samu kyauta a bakin kasuwa."

Ta ce, "Baba, yare ne, kamar Fulatanci."

Na ce, "Yaren da ba a ji?"

Uwarta ce ta yi ta bina har na sa hannu a takarda.

Hutunta na farko shi ne rigimar da ba zan manta ba. Ta dawo da hannu sabo. Tana jera baƙaƙen boko da yatsu, da sauri kamar mai kaɗa garaya. Ta je rumfa ranar Juma'a, a gaban jama'arsa, Kawu ya yi alamar ruwa, sai ta kama hannunsa ta gyara masa, ta nuna masa ta makaranta, ta kuma gaya masa tasa ta ƙauye ce. Ya dube ta. Ya rufe ido. Hutun nan kaf, in ta shigo ɗakinsa sai ya rufe. Ta kai masa abinci, ya ci ido a rufe. Ta yi kuka har ta rame. Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi, don na ga kamar maganata ce ta fito.

A shekararta ta uku ta dawo daban. Ta ce wani malaminsu, shi ma kurma ne, ya tsayar da su a aji ya tambaye su wa yake da tsohon kurma a gida. Ta ɗaga hannu. Ya ce me ta rubuta daga hannunsa? Ta ce ba komai, ai nasa ba na ilimi ba ne. Ta ce mutumin nan ya yi mata faɗan da ba a taɓa yi mata ba. Ya ce abin da suke koya a aji daga wata ƙasa aka kawo shi, yana cikin littattafai, ba zai ɓace ba. Wanda yake hannun tsohon nan kuwa, ranar da aka rufe shi da ƙasa an rufe da shi.

Ta sayi goro ta je ta durƙusa a rumfa. Ta yi alamar ruwa irin tasa, ta yi ta maimaitawa, shi ido a rufe, har wani tsoho amininsa ya harbe shi da ƙafa. Ya buɗe ido ɗaya. Daga nan hutu biyu ta yi a gindinsa da littafi, tana zana hannunsa don kundinta na kammala karatu. In zanen bai yi masa ba sai ya lashi yatsa ya goge, ta sake. Ya gaya mata maganarsa iri uku ce. Akwai ta rumfa, wadda kowa ya sani. Akwai ta makaranta, wadda ya tsinta wurin 'yar Kudu. Akwai kuma ta Lau. Da ta ce ya nuna mata ta Lau, sai ya girgiza kai.

Lokacin da ya rasu tana tsakiyar jarrabawa. Na ba direba saƙo a tasha, bai same ta da wuri ba, sai ranar Asabar ta iso. Ta shiga ɗakinsa ta daɗe. Na bar ta ta kwana ɗaya. Ranar Lahadi bayan azahar na kira ta zaure, na tura ƙyaure.

Na ce, "Zan yi miki wani abu da hannu. Ki gaya mini ma'anarsa. Kada ki tambaye ni komai sai na gama."

Na yi na farko. Duk da kumburin idonta sai da bakinta ya motsa.

"Baba, wannan ai kai ne."

"Ni?"

"Sunanka ne. Mai buɗe randa yana yamutsa hanci. Kowa a rumfa haka yake kiranka."

Shekara goma sha tara ina da suna a gidana ban sani ba. Na yi na biyu. Ta ce ba "zo" ba ne, "kirawo" ne, don hannun ƙofa ya nufa. Na yi na uku. Ta ce Inna ce, saboda zanen da yake gefen bakinta. Sai ta haɗa da kanta, a hankali: "Kai, kirawo mini Inna." Ta ɗago kai. "Baba, yaushe ya faɗi wannan?"

Na ce, "Saura ɗaya."

Na sarƙe ƙananan yatsuna na ɗaga su daidai inda nasa suka kai, na tsaya. Ta ce in ci gaba. Na ce iyakarsa ke nan. Ta ce me ya sa? Na gaya mata duka, daga fitar da Inna har rufe ido.

Ta dubi hannuwana. Sannan ta ce, "Makon farko da muka shiga aji, abin da aka fara gaya mana ke nan. Ba a kama hannun kurma yana magana. Daidai yake da a toshe wa mutum baki da tsumma." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ƙara da cewa, "Ni ma na taɓa yi masa, Baba. Amma ni na samu lokacin durƙusawa."

Ta ɗauko littattafanta biyu ta bi su shafi-shafi. Babu alamar a ciki. Ranar sadakar bakwai da kuramen suka dawo, ta nuna musu ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaya musu daga ina ta samo ba. Kowa ya girgiza kai. 'Yar Kudu ta ce ba ta makaranta ba ce. Sai tsohon amininsa, ɗan Mumuye mai noma a Mutum Biyu, ya sa ta maimaita sau uku. Ya nuna arewa, ya yi kamar mai tuƙa kwalekwale, ya goga yatsu biyu a gefen baki. Ko ni na gane. Ta Lau ce, kuma mutum ɗaya ya rage a duniya wanda ya san ta.

A nan tsorona ya ninka. Inna yanar ido ta rufe mata gani shekara shida ke nan. Tun daga lokacin, in za su yi magana da Kawu, tafin hannunta take ɗorawa a kan hannuwansa tana bin motsinsu. Bayan rasuwar sau uku tana tambayata, "Hamma ya neme ni?" Sau uku ina ce mata bai farfaɗo ba har ya cika. 'Yata ta koma jami'a ta ƙarasa jarrabawa. Da za ta hau mota ta ce, "Baba, Inna ba yarinya ba ce. Kada ka jira." Na jira. Na ce sai jininta ya sauka. Na ce sai dangin ruga sun watse. Na ce sai an yi arba'in. Duk lokacin da na ji ta yi tari daga ɗakinta sai in ce yau za ta tafi da amsar. Da gari ya waye ta tashi lafiya kuma sai in ce gobe.

Washegarin arba'in da hantsi na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na kori kowa. Na durƙusa.

Ta ce, "Wane ne?"

"Ni ne, Inna."

"Duba-gari. Yau ba aiki?" Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗanta na fari.

Na ce, "Na yi miki ƙarya sau uku." Na jera mata komai yadda na jera a sama, ban rage ba. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Na gama, kaza ta zo ta ɗauki gyaɗa a gabanta ba ta kore ta ba.

Ta ce, "Kawo hannun."

Ta ɗora tafukanta a kan nawa. Na yi na farko, ta ja tsaki kaɗan. Na yi na biyu da na uku. Na ji yatsunta sun matse. Na sarƙe ƙananan yatsuna na ɗaga. Duk jikinta ya ƙame.

"Sake."

Na sake.

"Daga nan sai me?"

"Daga nan na danne, Inna."

Ta ce, "Daga nan?"

"Daga nan."

Na ce ta gaya mini me ya ce, ko mene ne zan ɗauka. Ko tsinuwa ce.

Ta ce, "Bai ce komai ba tukuna. Wannan ba magana ba ce, buɗe magana ne. Tun muna yara a bakin kogi, in zai gaya mini abin da ba ya so kowa ya gani, haka yake farawa, sai mu juya baya mu ɓoye hannu. Sau nawa ya yi mini a duniya? Bai kai goma ba. Ranar da babanmu ya rasu. Ranar da ya ga wadda yake so aka hana shi. Ranar da ya ce in bar shi ya bi ka Jalingo, don kai ba ka da mai sa ka dariya." Ta saki hannuna. "Maganar tana gaba, Duba-gari. Ita ce ba ta fito ba."

Na yi kwana arba'in ina tsoron abin da zan ji. Ban taɓa kawo wa raina cewa ba abin da zan ji ba.

Ta laluba ta jawo ƙwaryarta. Ta ce in rubuta wa jikarta, da an ba su hutu ta zo da littafin nan nata, akwai abin da za a zana kafin a rasa mai nunawa. Kafin ta zo kuma, kullum da hantsi in zo in durƙusa a nan, don ita ba ta da tabbacin kaiwa lokacin, a zuba maganar Lau a hannuna ko da hannun katako ne. Mun fara. Ina da nauyin koyo, tana dukan yatsuna. Ba mu yi nisa ba, kuma tarinta bai tsaya ba.

A ranar, kafin in tashi, na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta fasa gyaɗa ɗaya, ta jefa a ƙwarya.

"Ni ba ni ka danne ba."

Wanda na danne yana kwance a maƙabarta, kuma babu hanyar tambayarsa. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi kalmarsa ta yadda ya iya faɗinta. Wanda ya karanta wannan ya roƙa masa rahama. In da saura, ya roƙa mini Allah ya sa mutuwa ce ta rufe idon nan.